Jan Ƙyalle Ɗaya, Wuya Uku

Ku matso, ku gyara zama, masu hirar gefe su dakata. Labarin da zan ba ku yana da wutsiya, kuma in na kai ƙarshensa ku zan damƙa wa ita.

A wani gari da ake kira Kwarin Baushe, can gindin duwatsun da aka taɓa haƙar kuza a zamanin da, an yi wani malamin firamare mai suna Malam Haladu. Siririn mutum ne, marar yawan magana. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana riƙe da ƙungiyar 'yan sikawut ta garin, samarin nan masu kaki da ƙyalle a wuya waɗanda ake koya wa zaman daji da taimakon jama'a.

A ƙungiyar nan ba a tsallake mataki. Yaro in ya shigo, sai ya haddace alkawari da dokoki kafin a ɗaura masa koren ƙyalle. Bayan wata shida, in ya iya hura wuta da tsinken ashana biyu kacal, ya kuma dafa abin da mutum zai iya haɗiyewa, sai a liƙa masa tauraro ɗaya a aljihu. Tauraro na biyu sai ya shekara. Daga nan sai neman bajo, wasu 'yan tambura na zare da ake ɗinkawa a hannun riga, kowanne da fanninsa: akwai na iyo, na bin sawu, na igiya, na taimakon farko, na karatun taswira, har na kiwon zuma akwai. Malam Haladu ba ya ba da bajo don ganin dama. Wanda ya san abin ake kirawowa ya jarraba yaro. Maharbi ne ke jarraba bin sawu, ma'aikacin asibiti taimakon farko, tsohon mahaƙin rijiya kuma igiya. In mai jarrabawa ya sa hannu a katin yaro, a ɗinka masa. In ya girgiza kai, sai bayan wata uku. Wanda ya tara bajo goma, ya kuma ci tafiyar gwaji ta yini guda a daji, shi ake kwance wa koren ƙyalle a ɗaura masa ja. A duk shekarun Malam, mutum huɗu kaɗai suka kai ga jan ƙyalle.

A daminar da nake ba ku labari, samari uku suka taso tare, kowannensu ya ba wa sha bakwai baya.

Na farko Sabi'u, jikan maharba. Idonsa ba ya wuce abu a ƙasa bai karanta shi ba, amma kansa da tauri, in ya ga hanya ba ya jiran kowa. Bajonsa goma cif.

Na biyu Kallamu, mai natsuwa, wanda littafin ƙungiya yake kansa kamar karatun allo. Tun yana ƙarami yake bin yayarsa ɗakin shan magani yana kallon yadda ake wanke rauni. Shi ma bajonsa goma.

Na uku Dogara, ƙaƙƙarfa, mai kunya kamar sabon suruki. Bajonsa tara. Sau biyu yana tsayawa gaban tsohon mahaƙin rijiya, sau biyu hannunsa na rawa ƙulli ya warware, alhali in ba mai kallonsa har ido rufe yake yi. Malam ya yarda ya bi 'yan'uwansa tafiyar gwaji, da sharaɗin zai koma ya ci jarrabawar igiya daga baya.

Yadda ake gwajin kuwa, Malam ne zai riga su fita, yana tafe yana ajiye alamu: nan ya jera duwatsu su yi kibiya, can ya ƙulle kan ciyawa, gaba ya karya reshe ya nuna gefe. Bayan awa biyu su biyo, su same shi inda ya zauna. Don kada wani ya tsegunta musu, ba ya gaya wa kowa hanyar da zai bi. Ko matarsa ba ta sani ba. Shi da bakinsa yake koya wa yara cewa ɗan sikawut ba ya shiga daji shi kaɗai, amma shekara ashirin yana yin haka lafiya, har ya daina ganin abin a matsayin kasada.

Ranar Asabar da hantsi ya isa bakin wani rafi da ya saba tsallakawa. Ya riga ya jera kibiyarsa tana nuna ƙetare, sai ya lura ruwan da aka yi a kan duwatsu ya ciko rafin, ja wur, yana tafe da itatuwa. Ya ce a ransa ba zai jefa 'ya'yan mutane cikin wannan ba. Sai ya ratse yamma cikin ciyawar gamba don ya duba ko akwai mashigi a sama, da niyyar ya dawo ya gyara kibiyar. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Bai yi taku ɗari uku ba ya ji ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafarsa.

Tsohon ramin kuza ne, wanda aka rufe da katako tun kafin a haife shi, katakon ya ruɓe, ciyawa ta lulluɓe. Ya faɗa yana bugun bango, wani tsohon ƙarfe ya yage masa cinya, sannan ya dira cikin ruwa da taɓo. Da hankalinsa ya dawo ya yunƙura zai miƙe, sai wani zogi ya taso daga ƙwaurinsa na hagu ya harba har ƙwaƙwalwa, ya gane ƙashi ya karye. Ya jingina da bango a kan ƙafa ɗaya. Ruwan ya kawo masa ƙugu, da sanyi kamar na randa. Ya ɗaga kai, ya hango bakin ramin can sama bai fi faifai ba, zurfin ya kai gaba biyar. Ya lalubi wayarsa, ya ji aljihu wayam, ta tafi cikin taɓo.

Ya kwance ƙyallen wuyansa ya ɗaure cinyar iya ƙarfinsa, amma yana jin ɗumin jini na bin ƙafarsa cikin ruwan sanyi. Ya ciro usur ya busa sau uku, alamar neman taimako. Ƙarar ta zagaya ramin ta dawo masa kunne. Ya san abin da ya fita waje bai fi kukan tsako ba.

Sai da idonsa ya saba da duhun ramin ya ga ba shi kaɗai ba ne. A kan wani ɗan tudu da ya fito daga bango, kamar gaba ɗaya sama da kansa, wani abu baƙi yana naɗe. Kumurci ne. Ƙarar usur ta tashe shi, ya ɗago, ya fasa kai. Malam Haladu ya sandare. Ya san irin macijin nan tofi yake yi, kuma ido yake nema. Ya sunkuyar da kai ya ja hularsa ta rufe goshi, ya riƙa karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. In ya busa usur maciji ya fusata, in ya yi shiru ba mai jin sa. Haka ya riƙa yi, ya busa, ya sunkuya, ya jira.

Can sai ya ga ɗan faifan hasken nan ya fara dishewa. Hadari ne ya taso daga gabas. A nan ne tsoro na gaske ya kama shi, don ya san duk ruwan da ya sauka a gangaren nan ramukan kuza yake nema. Ya tuna kibiyar da ya bari tana nuna rafi. Ya ga yaran nan uku a zuci, sun amince da alamar malaminsu, sun shiga jan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tunani ya fi karayar ƙafar yi masa ciwo. Ɗigon farko ya faɗo masa a hula. Kafin a jima ruwa ya fara gangarowa ta bango kamar daga indararo.

To, bari mu bar shi nan mu koma sama, don abin da ya faru a can daga baya aka ba shi labari.

Samarin sun iso bakin rafi ana yayyafi. Suka ga kibiya, suka ga ruwa. Dogara ne ya fara faɗin abin da ke ran kowa, cewa watakila Malam ya shiga ruwa ya tafi da shi. Kallamu ya ce ko ma mene ne, littafi bai bar su cikin duhu ba: in alama ta yanke, a koma gida a kirawo manya. Ya ce filin nan na yamma cike yake da ramuka, in suka kutsa, maimakon a nemi mutum ɗaya za a nemi huɗu. Maganarsa gaskiya ce, ba wanda zai ce ba haka doka ta ce ba. Sai dai zuwa gari awa ɗaya da rabi ne, dawowa ma haka.

Sabi'u ya tsuguna yana duban taɓon bakin ruwa, bai ga sawun takalmi ko ɗaya da ya shiga ba. Ya ja da baya, ya ga wani ɗan dutse a kife, cikinsa a bushe yana kallon sama. Gaba kaɗan ya ga gamba ta kwanta yamma, ba yadda iska ke kwantar da ita ba. Ya miƙe ya ce Malam bai ƙetare ba, nan ya bi, kuma in aka bari ruwan nan ya sauka sawun zai shafe har abada. Kallamu ya riƙe masa hannu ya tuna masa dokar da ta hana ɗan sikawut rabuwa da 'yan'uwansa. Sabi'u ya fizge ya ce, "Ku tsaya nan. In kun ji usur ku biyo ƙullin ciyawa. In ba ku ji ba, ku gaya wa babana inda na shiga."

Ya shiga gamba, ta rufe shi. Da ruwa ya tsuge ya daina ganin komai a tsaye, sai ya kwanta rub da ciki yana jan jiki, yana caka sandarsa a gaba kafin ya matsa. Sau biyu sandar tana shigewa cikin iska, ya ji ƙasa na zubawa can ƙasa, ya kauce. Duk taku goma ya ƙulle kan ciyawa. Sawun yana narkewa a kan idonsa: rabin dunduniyar takalmi a nan, karyayyen kara a can, daga baya ma ba komai. Da ya rasa abin gani sai ya kafa kunne a ƙasa, kamar yadda kakansa ke yi in yana sauraron garke. Ya daɗe a haka ruwa na dukan bayansa. Sai ya ji wani siririn sauti kamar daga cikin tulu, sau uku. Ya bi shi har ya ga inda ciyawa ta burma.

A lokacin Kallamu ya riga ya juya ya fara tafiya gari, Dogara na tsaye tsakani ya rasa wanda zai bi. Usur ɗin Sabi'u ne ya dawo da su. Suka bi ƙullin ciyawa har bakin rami.

A ƙasa kuwa ruwa ya kai wa Malam ƙirji. Ƙafarsa mai lafiya ta mutu da sanyi, idonsa ya fara ganin biyu-biyu. Da ya ga kawuna uku sun leƙo, farin ciki bai zo masa ba, wani sabon tsoro ne ya zo. Ya tattara sauran muryarsa ya ce kada wanda ya kuskura ya sauko, bakin ramin yana zubewa, ga kumurci a bango. Ya ce su jefo igiya kawai. Suka haɗa igiya biyu suka jefo, amma yatsunsa sun ƙage, ko riƙe ta ya kasa, balle ya ɗaura.

Sabi'u da ya leƙa ya ga ruwan ya yi ja, sai jiri ya ɗebe shi, ya koma gefe ya durƙusa. Shi mai bin sawun jini a daji, ashe bai taɓa ganin na mutum ba. Kallamu yana ta lissafin abin da littafi ya ce, amma littafi bai yi maganar rami mai maciji ba. Sai Dogara, wanda ba a saba jin muryarsa ba, ya fara ba da umarni. Kowannensu yana ɗauke da igiya gaba uku, ya karɓa ya haɗa su wuri ɗaya. Ya sa suka jawo wani busasshen gungumen marke suka gicciya a bakin ramin, don igiya ta bi ta kansa kada ta ci ƙasa. Ya zagaya ɗaya bakin igiyar a gindin wata bishiya, ya nuna musu yadda za su ja, su naɗe, su huta, ba tare da ta suɓuce ba. Hannunsa bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Ya cire takalmi, ya ja hula ya rufe fuska, ya yi bisimilla ya zura ƙafa.

Malam yana kallonsa yana saukowa, ya ce masa cikin raunanniyar murya, "Dogara, na hana ka."

"Na ji, Malam," in ji shi. "In mun fita sai ka hukunta ni."

Da ya zo daidai tudun, tsakaninsa da macijin bai fi kamu biyu ba. Ya ji hucinsa, sannan ya ji wani abu mai ɗumi ya fantsamo a hularsa da gefen kuncinsa. Ya runtse ido ya ci gaba da sauka a makance, yana jiran sara a wuya ko a hannu. Saran bai zo ba. Ƙafarsa ta taɓa ruwa, ya shiga, ya wanke fuska. Kafin ya juya, Malam ya sulale. Jinin da ya zuba ya yi yawa, ya suma, kansa ya nutse. Dogara ya cafko shi, ya tallafe haɓarsa da kafaɗa, ya zagaya igiya ta hammatarsa da ƙarƙashin cinyoyinsa. Cikin jan ruwa, da laluben yatsu, ya yi ƙullin nan da ya faɗi a kansa sau biyu a gaban mai jarrabawa. Sau ɗaya Malam ya suɓuce masa ya sake nutsewa, ya sha ruwa, ya sake ɗago shi. Sannan ya ɗaga murya ya ce su ja.

Igiya ɗaya ce, mutum ɗaya take ɗauka. Suka ja Malam yana hawa kaɗan-kaɗan, ƙullin yana ƙara amma bai saki ba. Dogara ya rage a ƙasa, ruwa a wuyansa, yana tsaye a kan yatsun ƙafa. Ruwan bango ya ci tudun da macijin yake, ya ga abin ya sulalo ya faɗo. Ya ɗauke numfashi, ya zama kamar kututture. Ya ji sanyin jikin macijin ya goga kafaɗarsa, ya zagaya ta ƙeyarsa, sannan ya wuce ya haye wani guntun katako da ke yawo. Suka zauna a haka, shi da kumurci, cikin rami ɗaya, ruwa na hawa.

A sama, abin da suka fito da shi bai yi kama da mai rai ba. Leɓɓansa sun yi fari, ƙirjinsa ba ya motsi, cinyar na tsiyaya. Sabi'u ya fara salati yana ja da baya. Kallamu, wanda ɗazu ya ce a koma, shi ne bai ja da baya ba. Ya yanke igiyar da wuƙa ya jefa wa Sabi'u, ya ce maza ya zura wa Dogara. Ya kwantar da Malam, ya buɗe masa baki ya kwashe taɓo da yatsa. Ya kara kunne, bai ji numfashi ba. Ya toshe masa hanci ya hura masa iska a baki, ya ɗora hannu biyu a ƙirji ya riƙa dannawa yana ƙirga. A kan buhun yashi ya koyi wannan, bai taɓa yi wa mutum ba. Ya ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin tafinsa, ya gane haƙarƙarin malaminsa ya tsage, zuciyarsa ta ce masa kai ka ƙarasa shi. Bai tsaya ba. Ya danna, ya hura, ya danna, har hannuwansa suka mutu. Dogara ya hauro da kansa ta igiya, ya faɗi gefe yana haki, ya dubi Malam ya ce wa Kallamu ya bari haka nan, rai ya yi halinsa. Kallamu ko ɗago kai bai yi ba. Sai can Malam ya yi wata irin shaƙuwa, ruwa ya bulbulo ta baki da hanci, ya ja numfashi mai ƙara kamar ana yaga ƙyalle.

Kallamu bai huta ba. Ya juya shi gefe, ya karɓi ƙyallayen wuyansu, ya cusa ɗaya cikin raunin ya danne da gwiwa, ya ɗaure sama da wurin da wani, ya murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya. Ya duba agogon Malam ya riƙe lokacin a ka. Ya miƙar da karyayyar ƙafar tsakanin rassa biyu ya ɗaure. Sannan suka zura sanduna cikin rigunansu suka yi abin ɗauka. Duk tsawon hanya yana gefen kan Malam yana yi masa magana, yana tambayarsa sunayen 'ya'yansa, don kada ya yi barcin da ba a tashi.

Da la'asar suka shigo gari, ba riga, jikinsu duk taɓo da jini. Matan da ke bakin rijiya suka hango abin da suke ɗauke da shi kamar makara, suka fara salati. Sai da Malam ya ɗaga yatsa ɗaya aka yarda da sauran kwana.

Ya yi wata biyu a asibiti. Likita ya ce masa da an ƙara rabin awa a ramin, ko da ba a tsayar da jinin yadda aka tsayar ba, da sai dai labari. Ya kuma gaya masa gaskiya cewa ƙafar za ta taka, amma ita da daji sun yi sallama. Malam ya daɗe ko kofin ruwa aka miƙo masa sai gabansa ya faɗi, in hadari ya haɗo sai ya sa a rufe taga. Da ya dawo gida ya tara 'yan ƙungiya, ya tsaya a kan sanda ya ce shi ne ya fara karya doka, kuma kada wanda ya yi koyi da shi.

Niyyarsa ya ɗaura wa duka ukun jan ƙyalle, ya rubuta wa ofishin ƙungiya na jiha haka. Amsa ta zo da yabo mai yawa, da ƙyalle ɗaya a cikin ambulan. Suka ce ƙa'ida ce ta ko'ina, jan ƙyalle ɗaya ake ba kowace ƙungiya a shekara, don kada darajarsa ta zube. Suka ce tunda ƙafar ta sa ya ajiye aiki, wanda ya ɗaura wa shi zai riƙe yaran Kwarin Baushe a bayansa. Jira kuma ba zai yiwu ba, don kafin wata damina dukansu sun cika sha takwas, sun wuce shekarun neman muƙami.

Ya kira su ɗaya bayan ɗaya a zaurensa. Sabi'u bai ɓoye ba, ya ce yana so, kuma da bai ratse cikin gamba ba da yanzu ba a san ma inda kabarin Malam yake ba. Kallamu ya ce a bi littafi, abin da ya ce shi ke nan. Malam ya san in an bi littafi Sabi'u ya karya doka, Dogara bajonsa bai cika ba, saura mutum ɗaya, amma bai ga alamar wayo a fuskar yaron ba. Dogara kuwa ya zauna yana wasa da bakin tabarma. Da aka matsa masa ya ce shi dai har yanzu ba ya son a taɓa masa ƙeya. An kira tsohon mahaƙin rijiya ko zai sa hannu a katinsa saboda abin da ya faru. Tsoho ya ce ya ji labari, ya kuma jinjina, amma shi bai taɓa sa hannu a kan ƙullin da idonsa bai gani ba. Aka ba Dogara igiya a gabansa, hannun ya kama rawa, ƙulli ya warware a karo na uku.

Gari ya rabu. Maharba suka ce wanda ya gano shi ne tushe, don ba a ceton abin da ba a gani ba. Wasu suka ce ai taurin kai ne Allah ya rufa wa asiri, in aka ba shi yara wata rana zai kai su inda ba a dawowa, ga shi kuma ya ga jini ya durƙushe. Masu goyon bayan Dogara suka ce shi kaɗai ya ba da ransa, ya shiga inda aka hana shi, ya fitar da wani ya bar kansa. Aka ce musu to, in aka ɗaura wa mai bajo tara, da wane baki za a hana yaron da zai zo gobe da takwas? Masu goyon bayan Kallamu suka ce gawa aka fito da ita daga rami, a hannunsa Allah ya mayar da rai, kuma shi ne bai taka doka ko ɗaya ba. Aka tuna musu cewa da an bi shawararsa a bakin rafi, da manyan da zai kirawo sun tarar da rami cike fal da ruwa.

Ranar fareti ta zo. Yara suka jeru a filin makaranta da hantsi, iyaye suka cika inuwar darbejiya. Malam Haladu ya fito yana ɗingishi, ambulan a hannu, zuciyarsa na bugawa kamar ranar da yake cikin rami. Samari uku suka tako gaba suka ƙame. Ya dubi idon da ya gano shi, ya dubi hannun da ya ɗaure shi, ya dubi bakin da ya hura masa numfashi. Ya zaro ƙyallen ya warware.

Ni a nan na tsaya, don ba ni zan yanke muku ba. Ga Sabi'u da ya karya doka ya gano shi, ga Dogara da ya faɗi jarrabawa ya fito da shi, ga Kallamu da ya ce a koma ya farfaɗo da shi. Ku da kuka ji da kunnenku, a wuyan wa ya kamata Malam Haladu ya ɗaura jan ƙyallen nan?